Shuɗin Kofaton Mamuda Mai Faci

In ka taɓa shiga motar haya daga Kazaure zuwa Roni ko Gwiwa, to ka wuce ta gaban Mamuda mai faci, ko da ba ka san sunansa ba. Shi ne gajeren nan mai faɗin kafaɗa da ke zaune a bakin ƙofar tasha, gindin darbejiya. Ga injin iska a gefensa yana tari kamar tsoho mai mura, ga bahon ruwan da yake neman huji a ciki, ga kuma wani akwatin ƙarfe da kullum ke garƙame da kwaɗo. Ka riƙe akwatin nan a ranka, za mu dawo kansa.

Mutumin Achilafiya ne. Ubansa manomi, kakansa manomi, shi kuwa tun tasowarsa hannunsa ya fi karkata ga ƙarfe da roba a kan fartanya. Da facin keke ya fara, ya koma na babur, da ya ga kekunan garinsu sun yi masa kaɗan sai ya ɗaure 'yan komatsansa ya nufo Kazaure. Shekara talatin da 'yan kai ke nan. A shekararsa ta biyu, ƙarfen ɓamɓare taya ya kuɓuce masa ya tsaga babban yatsansa na dama, tun daga farce har gaɓa. Yatsan ya warke amma tsagin ya zauna daram. Dela, matarsa, har yau takan ce a aljihu ya ɓoye hannun nan duk tsawon zuwansa zance, sai da aka shafa fatiha ya fito da shi.

Faci dai kowa na yi. Abin da ya fitar da Mamuda daban shi ne awo.

Ka san zamani ya kawo rim, wato ƙarfen da ake ɗaura taya a kai, masu ƙyalli, waɗanda direbobi ke sayowa daga Kano su tuge na ainihi su maƙala su. Mamuda ba ya faɗa da ƙyalli. Abin da yake cewa shi ne, kowace taya tana da gurbinta a jikin mota, kuma gurbin nan ba ya girma don ka yi sabon rim. In ka ƙara girman rim, dole ka rage kaurin taya, yadda tsayin gaba ɗaya zai zauna inda yake. Lambobin nan uku da ke gefen taya kuwa yana karanta su tamkar sunayen 'ya'yansa: ta farko faɗi, ta biyu tsayin gefe, ta uku bakin rim. Amma bai taɓa yarda da lamba ita kaɗai ba. Ya ce wanda ya rubuta lambar bai taɓa ganin motar Gwiwa ran kasuwa ba.

Don haka ga yadda yake yi. In ya ɗaura taya, sai ya ɗauko alli, irin na makaranta, ya goge saman tayar da gefenta fari fat. Daga nan ya juya wajen teburin mai shayi ya ɗaga murya.

"Masu nauyi! A zo a yi aikin lada!"

Sai ka ga 'yan zaman benci sun taso suna miƙa. Mutum tara, goma, a cusa su cikin mota, biyu su hau but. Babban ma'auninsa shi ne Kawu, wani dillalin hatsi mai tumbi kamar randa, wanda Mamuda ke lissafawa a matsayin buhun gero biyu.

"Kawu, koma baya ta hagu."

"Kullum ni ne baya ta hagu! Wai ni kaɗai ne mai ƙiba a Kazaure?"

"Akwai wasu, amma kai ne aka tabbatar."

Direba ya ja motar a hankali ya zagaya filin tasha, ya murza sitiyari har ƙarshe dama, ya murza hagu, ya bi ta kan wani kwazazzabo da ke bayan rumfar masu lemo. In an dawo, Mamuda ya durƙusa ya zura hannu cikin madigadi, wato ƙarfen da ya lulluɓe saman tayar. In hannun ya fito da fari, to taya ta taɓa ƙarfe, kuma abin da ya taɓa a filin tasha yanka zai yi a hanya. Sai a sauke. In hannun ya fito da baƙin datti kawai, sai ya buɗe akwatin nan ya ɗauko wani ɗan gwangwanin fenti, shuɗi mai sirkin ruwan azurfa wanda shi ke haɗa abinsa, ya tsoma tsagaggen yatsansa ya dangwala a jikin rim, daf da bakin iska. Saboda tsagin, sawun kan fito gida biyu kamar sawun akuya. Shi ya sa direbobi suka sa masa suna kofato.

Da fari abin dariya ne. Amma wata shekara taya ta fashe da wata mota cike da fasinja a hanyar Babura, aka yi asarar rai. Shugaban tasha, Alhaji Muhammadu Lawal, dattijo mai magana ɗaya, ya tara direbobi ya ce daga ranar motar da ba ta da kofato a ƙafafunta huɗu ba ta shiga layin lodi. Tun daga nan shuɗin ɗigon nan ya zama sunan Mamuda, ya zama abincinsa, ya zama dalilin zamansa a bakin ƙofar. Har matan rugage masu kawo nono, waɗanda ba ruwansu da lamba, sai sun sunkuya sun leƙa ƙafar mota kafin su ɗora ƙwarya.

To, sai Lado.

Lado direba ne, ɗan wata ruga ta wajen Roni, siriri, dogo, mai fara'a, irin mutanen da ko gaisuwa suka yi maka sai ka ji an ba ka kyauta. Tun suna samari suka haɗu a tashar nan, suka yi shekara huɗu a ɗaki ɗaya, tabarma ɗaya. Lado ne babban abokin ango ranar da aka kawo Dela. Shekara ashirin da shida ba a taɓa buɗe kwanon Mamuda da rana ba sai Lado ya dawo daga lodi, in ya yi latti tuwo ya huce ana jiransa. Mamuda na kiransa Dogo, shi kuma ya ce Gajere, sunayensu na yanka kuwa sai a bakin baƙi. Shekara uku baya, da aka kwantar da Mamuda aka yi masa aikin ƙaba, Lado ne ya riƙe gidan. A gadon asibiti Mamuda ya ciro makullin akwatinsa na biyu, ɗan ƙarami mai ɗaure da jar roba, ya ce, "Riƙe, Dogo, ko Dela za ta buƙaci wani abu a ciki." Ya warke ya koma bakin aiki, bai nemi makullin ba. Wa ke neman makulli a hannun Lado?

Duk tsawon shekarun nan motar mutane Lado ke ja. Sai bara ya rufe ido ya sayar da shanun da ya gada, ya sayi tasa motar, wata Sharon mai ɗan shekaru amma lafiyayya. Samarin direbobi suka sa ta a gaba, wai motar kai amarya ce a zamanin da, wai ƙafafunta kamar na tsohuwar kaza. Lado yana dariya, amma abin na cin sa.

Wata Talata ya dawo daga Kano da yamma, ya tsaya gindin darbejiya, ya buɗe but yana washe baki. Rim huɗu ne, masu lamba sha bakwai, faffaɗa, suna walƙiya kamar sabbin tasoshin jere. Ga kuma tayoyi huɗu tiƙa-tiƙa waɗanda aka ciro daga wata jif.

"Gajere, yau sai yaran nan sun gaishe ni da hannu biyu."

Mamuda ya tsuguna ya shafa gefen tayar ya karanta. Ya daɗe bai ɗago ba.

"Dogo, motarka da sha biyar aka haife ta. Ɗari da casa'in da biyar, sittin da biyar, sha biyar. Wannan kuwa ɗari biyu da ashirin da biyar ce, sittin, sha bakwai. Ta fi taka tsayi da kusan yatsu huɗu. Ga rim ɗin kuma ya turo waje."

"To ai shi ne daɗin! In ta yi tsayi cikinta ba zai riƙa gugar ƙasa a hanyar Gwiwa ba."

"Cikinta zai huta, ƙafarta ta mutu."

"Kai dai ɗaura mu gani. Ba kai ne mai alli ba?"

Aka ɗaura. Babu kowa a ciki, motar ta tsaya ƙerere, kyakkyawa, har samarin nan suka yi tafi. Mamuda ya goga alli ya kira masu nauyi. Kawu ya shige baya ta hagu yana ƙunƙuni. Ko kwazazzabon ba a kai ba aka fara jin wani ƙuuu, ƙuuu, daga baya. Da aka dawo Mamuda ya zura hannu ya fito da shi fari sol, kamar ya tsoma a garin rogo. Ya ɗaga kowa ya gani.

"A sauke."

Lado ya ja shi gefe, ya rage murya. "Gajere, ba a mayar da kayan nan. Na tambaya tun a can. To in sa sirarar taya mana a kan rim ɗin?"

"Sirarar za ta shiga gurbi, amma ramin farko a hanyar Gwiwa zai lanƙwasa maka rim. Wannan takalmin 'yan birni ne, masu mutum uku a mota. Ka ajiye su, ni zan nemo maka mai saye, ko da an ɗan faɗi."

"Zan rage lodi, wallahi."

"Ran kasuwa? Kai? Dogo, na san ka fa."

Lado ya yi dariya, ya daki kafaɗarsa ya ce shi ke nan, Allah ya sa haka ne mafi alheri. Aka mayar da tsofaffin ƙafafu. Washegari suka ci tuwo tare kamar kullum.

Ran Alhamis da hantsi aka yi wa Mamuda waya daga Achilafiya, yayarsa da ta goye shi ta rasu. Kafin ya gama salati Lado ya fita daga layi ya buɗe masa ƙofar gaba. Shi ya kai su, Mamuda da Dela. A sahun jana'iza kafaɗarsu na gugar juna. Da aka dawo daga maƙabarta Lado ya riƙe hannunsa ya ce, "Kar ka yi gaggawar dawowa, Gajere. Ka zauna a yi bakwai da kai. Tasha tana nan, ni ma ina nan." Mamuda ya ji sanyi a ransa, har ya ce da Dela wanda Allah ya ba Lado ya gama masa gata.

Kwana huɗu da haka, yana zaune a kan tabarmar karɓar gaisuwa, wayarsa ta yi ƙara. Kawu ne.

"Mamuda, in kana tsaye zauna. Motar Lado ta kife a hanyar Gwiwa. Ba a mutu ba, an gode Allah, amma wata mai nono ta karye a hannu. Tayar baya ce ta yage." Sannan ya ƙara da cewa, "Manyan ƙafafun nan ne a jikinta. Kuma da kofatonka a kai, duka huɗun."

Mamuda ya ce a sake faɗa. Aka sake.

Washegari Mamuda ya dawo Kazaure, aka zauna a rumfar shugaban tasha. An janyo motar an ajiye a gefe, gilashinta a farfashe, rim ɗin nan na ta ƙyalli kamar ba su ne suka yi aikin ba. Direbobi sun cika rumfar har waje. Lado na zaune da bandeji a goshi, idonsa a ƙasa. Makullan motarsa na kan tebur gaban Alhaji Muhammadu Lawal, don tun jiya aka karɓe su.

"Lado," in ji Alhaji, "wa ya sa wa ƙafafun nan kofato?"

"Ranka ya daɗe, mai sa wa ne ya sa."

"Ƙarya ne!" Kawu ya yunƙuro daga benci. "Ni ne a baya ta hagu ranar. Da idona na ga allin. Mutumin nan ya ƙi!"

"Ran Talata ya ƙi," Lado ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ran Alhamis da safe, kafin a yi masa waya, na sake roƙonsa. Ya ce don ni ne. Ya dangwala musu tun suna ƙasa, ya ce in kai wani wuri a ɗaura, kar a ce shi ya ɗaura."

Rumfar ta ɗauki guna-guni. Mamuda ya ji wani daga baya yana cewa, "To ai biri ya yi kama... wa zai ce Mamuda zai hana Lado abu sau biyu?" Wani ya ce, "Mutanen da ke cin kwano ɗaya." Nan ne Mamuda ya gane. Wato amincin nan nasu na shekara ashirin da shida, shi Lado ya ɗauko ya kafa shaida da shi.

Ya fita ya durƙusa gaban motar. Fentinsa ne, babu tantama, ga sirkin azurfar nan. Ya ɗora yatsansa a kan ɗigon, sai yatsan ya rufe shi ruf har da saura. Tsagin tsakiya kuwa miƙaƙƙe ne sak, irin wanda ake ja da tsinken tsintsiya, alhali nasa a karkace yake. Ya nuna wa mutane. Wani ya ce ai fenti in ya bushe yakan tsuke. Wani ya ce shi dai kofato yake gani.

Alhaji ya gyara zama. "Mamuda, shekara nawa ina tsare maka ƙofar nan. In ta tabbata ka sa hannunka a kan abin da allinka ya ƙi, yau za ka kwashe injinka. Amma bari in tambaya. Akwai wanda zai iya haɗa irin fentin nan?"

Kafin Mamuda ya buɗe baki Lado ya riga shi. "Babu, ranka ya daɗe. A akwatinsa yake, kuma duk garin nan shi kaɗai ke da makullin akwatin."

Idon Mamuda ya sauka a kan tebur. Can cikin tarin makullan motar, tsakanin na ƙofa da na tankin mai, ga ɗan ƙaramin nan mai jar roba. Shi da kansa ya yanko robar daga tsohon tiyub ɗin keke.

Ya daɗe yana kallonsa. Ya tuna 'ya'yan Lado bakwai, ya tuna shanun da suka tafi. Ya tuna hannun da ya riƙe nasa a bakin maƙabarta ana ce masa kar ya yi gaggawar dawowa.

"Dogo," ya ce a hankali, "ka sake tunani. Ko ka manta wani abu."

Lado bai ɗago ba. "Abin da na sani na faɗa."

Mamuda ya ja numfashi. "Ranka ya daɗe, a cikin makullan da ke gabanka akwai mai jar roba. A gwada shi a akwatina."

Alhaji da kansa ya tashi, jama'a suka bi shi ɗuuu har gindin darbejiya. Ya zura makullin ya murɗa, kwaɗo ya ce ƙyas. Aka ɗaga murfi. Ga gwangwanin a ciki, an rufe shi a karkace, fenti ya zubo ta gefe ya bushe, abin da Mamuda bai taɓa yi ba tun da ya fara sana'a. Kawu ya ce, "Innalillahi. Lado, a ranar makoki?"

Aka kori Lado daga layin tashar, aka ɗora masa jinyar matar. Direbobi suka yi ta zuwa suna ba Mamuda hannu, har da mai cewa fenti na tsukewa, yana rantsuwa shi dama bai taɓa yarda ba. Mamuda ya amsa wa kowa. Da rana aka kawo kwano daga gida, ya buɗe ya ga tuwon mutum biyu, ya mayar da murfin.

Kwana biyu bayan haka ya hau babur ya tafi Roni, gidan mai ɗorin da aka kai matar. Adda sunanta, dattijuwa ce, shekara da shekaru tana kawo nono da man shanu Kazaure. Ya same ta zaune a tabarma, hannun dama a ɗaure cikin karare. Ya gaishe ta, ya yi mata sannu, ya fara bayanin cewa ba shi ya sa alamar ba, satar fentin aka yi. Ta bar shi har ya kai aya.

"Malam mai iska, na ji, kuma na yarda da kai," ta ce. "Amma ni ban san Lado ba, ban san makulli ba. Da na ga ƙafafun nan sababbi gabana ya faɗi, har na sauke ƙwaryata. Sai na sunkuya na ga shuɗin nan naka, na mayar. Ni ba karatu na iya ba. Shi kaɗai na iya."

Ba da faɗa ta faɗa ba, har ta sa aka kawo masa fura. Bai iya sha ba.

Da ya dawo Kazaure bai zauna ba. Ya sayi fetur a kwalba, ya yagi tsumma, ya bi layin motoci ɗaya bayan ɗaya yana durƙusawa yana goge kofato. Direbobi suka yi ca a kansa. Alhaji Muhammadu Lawal ya fito da kansa.

"Mamuda, wane irin aiki ne wannan? Ai an wanke ka. Sake kwaɗo kawai, ka riƙe makullinka."

"Ranka ya daɗe, wancan ma ni na ba da shi da hannuna. Ba fasa akwatin aka yi ba."

"To sai ka daina bayarwa."

"Yanzu kowa ya ga yadda ake yi da tsinken tsintsiya. Gobe wani zai yi wanda ya fi na Lado kyau, wata ta sunkuya ta gani ta shiga. A bar mutane su koma jin tsoronsu, ya fi musu."

Kwana uku ya yi yana gogewa, mota arba'in da 'yan kai. Fentin da ya rage ya shafe ƙofar bayan gidansu da shi, Dela na cewa ko ba komai ta samu shuɗiyar ƙofa a tsufanta. Dokar layi ta mutu a hankali, tunda babu abin da za a duba. Wasu direbobin sun ji daɗin haka, suka daina kawo masa awo, suna ɗaura abin da suka ga dama a inda ba a tambaya. Aikinsa ya ragu, ba kaɗan ba. Waɗanda suka rage kuwa har yau ana goga musu alli, ana kiran masu nauyi, Kawu na shiga baya ta hagu yana mita.

Bayan wata huɗu Adda ta dawo kawo nono, hannun ya ɗan karkace, da hagu take ɗaukar ƙwarya. In za ta koma takan tsaya gindin darbejiya ta ce, "Malam, wacce zan shiga?" Sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya bi layi, ya zura hannu cikin madigadi, ya shafa gefen taya, ya ce waccan, ko ya ce jira ta bayanta. Yanzu su shida ne ko bakwai masu yi masa wannan tambaya, kuma ko yana tsakiyar cin abinci sai ya tashi.

Lado ya gyara motarsa, ya mayar da tsofaffin ƙafafun, yana ɗaukar fasinja a bakin titi ta hanyar Babura. Sau ɗaya ya zo. Ana gab da la'asar Mamuda ya ɗago kai ya gan shi yana gangaro da taya a hannu, ya rame, wuyansa ya ƙara tsawo. Masu shayi suka juyo suna kallo. Mamuda ya karɓi tayar, ya ba ta iska, ya tsoma a baho, ya bi kumfa har ya samo ƙusar, ya zare, ya liƙe.

"Gajere," in ji Lado, "shanun babana ne suka ƙare a motar nan. Kaina ne ya kulle. Na ɗauka kwana biyu kawai zan yi da su, yaran nan su gani, in cire kafin ka dawo."

Mamuda ya ci gaba da danna facin da tsagaggen yatsansa. Akwai abin da ya so ya tambaya, wata da watanni yana juya shi a ransa: a sahun jana'izar nan, da kafaɗarsu ke gugar juna, ya riga ya yanke shawarar, ko sai a hanyar dawowa? Ya ga ko wace amsa aka ba shi ba za ta zauna masa ba. Ya mayar da tayar kan rim, sha biyar, nata na ainihi, ya cika ta, ya kara kunne a bakin iskar, sannan ya mirgina ta gaban Lado.

"Direba, ta yi. Kar ka wuce mutum tara."

Lado ya tsaya kamar zai ƙara magana. Wani mai babur ya turo nasa yana cewa ta baya ce ke sacewa, Mamuda ya juya gare shi.

Dela kuwa har yau hannunta bai koyi zuba na mutum ɗaya ba. Kawu ne ke cin ribar, ya ƙara ƙiba har Mamuda ya ce ya kusa kai shi buhu uku. Akwatin ƙarfen na nan a inda yake, alli ne kawai a ciki da 'yan tsummoki, ko kwaɗo ba ya sa masa.